Numfashin Aro ga Sarewar Jorien

Ranar Juma'a ce a tsakiyar watan Yuni, ranar kasuwa a Deventer. Harmen Eggink ya tashi kamar yadda ya saba tun da ya ajiye aikin madatsun ruwa. Ya dafa kofi, ya kai wa matarsa Dineke nata, ya leƙa ta taga ya duba kogi. Ruwa ya ɗan ja baya. Ya tura kekensa zuwa bakin gaɓa, ya shiga ƙaramin jirgin fito, ya tsallaka cikin gari.

Da hantsi yana layin mai kifi. Sabon kifin bana ya shigo a makon, wanda ake ci ɗanye da yankakkiyar albasa, kowa kuma yana so a ce ya riga maƙwabcinsa ɗanɗanawa. Ya sayi biyu, ɗaya nasa, ɗaya na 'yarsa Jorien. Shagonta yana wani lungu bayan babbar coci, ɗakin kwananta a samansa. Duk Juma'a shi ke kai mata abincin rana, don ya san in ba haka ba da kofi da busasshen burodi za ta wuni.

"Tsaya nan, Baba," in ji ta, ba ta ko ɗago kai daga teburin aiki ba. "Kada ka shigo min da ƙarnin kifi kusa da katako."

"Lafiya lau na kwana. Na gode da tambaya."

"Ina kwana, Baba. Ga famfo can, wanke hannu."

Shekarunta talatin da takwas. Sana'arta sassaƙa sarewa, amma ba irin ta roba da ake raba wa 'yan firamare ba. Sarewar mutanen shekaru ɗari uku da suka wuce take kwaikwayo, tana yi wa mabusan da ba sa yarda su busa waƙoƙin wancan zamani sai da kayan busar wancan zamani.

Da ƙararrawar coci ta buga tsakar rana suka zauna a bakin ƙofa, kowa ya riƙe kifinsa ta wutsiya ya ɗaga kai ya ci. Ta ce masa kada ya yi saurin tafiya yau, akwai abin da za ta nuna musu in Mama ta iso. Dineke tana zuwa gwajin waƙa na ƙungiyar coci kowace Juma'a, daga can take biyowa su koma gida tare. Sai ya ɗauki tsintsiya ya share garin katako, ya jera mata wuƙaƙe daga babba zuwa ƙarama, ita kuma ta bi bayansa ta mayar da su yadda suke a da.

Rana ta karkata Dineke ta iso. Jorien ta wanke hannu, ta warware wani ƙyalle. A ciki akwai gaɓa uku na sabuwar sarewa, na wani ice mai tauri da ake kira buksus, launinsu kamar zuma. Ta ɗauki gaɓar kan, wadda ake sawa a baki, ta cusa a hammatarta ta tsaya tana jira.

"Har yanzu ba ku sami dabarar da ta fi wannan ba?" in ji Harmen.

"Ana ta nema tun zamanin kakannin kakanninka. Ice mai sanyi ba ya son numfashi mai ɗumi, sai ya yi gumi a ciki ya shaƙe. Hammata kuwa ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Ta haɗa gaɓoɓin. Ta juya agogon yashi irin na dafa ƙwai, wanda ta ɗauke daga kicin ɗin uwarta tun tana ɗaliba ba ta mayar ba. Sannan ta busa. Ba waƙa ta yi ba, dogayen sautuka ne na ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Da yashin ya ƙare ta cire sarewar daga baki, ko da yake a tsakiyar sauti take.

"Yaya ka ji, Baba?"

"Na ji sarewa."

"Mama, kin ga mijinki ko? Katakon nan ya fi shi kunne."

Dineke ba ta yi dariya ba. Ta ce sautin can na ƙarshe, na ƙasa, kamar mutum ne ya rufe baki yana rera waƙa a ɗakin da ke kusa. Ta ce kuma akwai wani siririn iska a bayansa, ba ya damun kunne, kamar ma shi ne ke tallafe da sautin. Jorien ta daɗe tana kallon uwarta, sannan ta ce, "Shi na nema."

Harmen dai bai gamsu ba. "Shekara takwas kina kan abu, sai ki busa shi gwargwadon dahuwar ƙwai ki nannaɗe?"

"Kai ne fa ka koya min ba a sakar wa sabuwar madatsa ruwa gaba ɗaya. Icen nan bai san numfashin mutum ba tukuna. Kullum kaɗan. Makon nan yashi ɗaya, mako mai zuwa biyu, haka har ya saba. In ka cika shi da danshi rana ɗaya ya kumbura ya tsage, an gama."

Ta ce za ta yi ta rainonta har Teun ya dawo. Teun Halewijn abokin karatunta ne, mabushi, shi aka sanar zai fara busa wannan sarewa a bainar jama'a a taron tsohon kiɗa na Utrecht a ƙarshen Agusta. A lokacin yana yawon wasa a Japan, ba zai dawo ba sai taro ya matso.

Da yamma ta rako su har bakin jirgin fito. Ta ce kanta na ɗan sara mata, Dineke ta ce ai dole, mutum ya wuni yana shaƙar ƙura. Ta ɗaga musu hannu, ta juya. Washegari da safe, tana ɗaure igiyar takalmi za ta sayo burodi, jijiya ta fashe a cikin kanta. Likita ya ce ba ta daɗe ba ta cika, kuma ba wanda zai iya hango abin. Harmen ya yi masa tambayoyi daki-daki, ya saurari amsa, ya yi godiya.

Ita kaɗai suka haifa. Tana shekara bakwai aka ba ta sarewar roba a makaranta kamar kowane yaro. Sauran yara suka koyi waƙoƙin Kirsimeti, ita kuwa ta ɗauki zarton ubanta ta raba tata gida biyu, wai tana neman inda sautin ke ɓuya. Harmen ya yi mata faɗa a fili, ya yi murna a ɓoye, ya ce gida ya sami injiniya. Bai samu ba. Ta tafi makarantar kiɗa a Den Haag, ta yi shekaru tana busa har ta kai inda za ta iya rayuwa da shi. Sai ta lura cewa duk lokacin da ta ɗauki sarewa hankalinta ba ya kan waƙar, yana kan dalilin da ya sa ramin yatsa na huɗu ke gardama. Ta ajiye busa, ta je ta tsaya a ƙofar wani masassaƙi mai suna Vonk, mutumin da waɗanda ya kora sun fi waɗanda ya yaye yawa. Ya sa ta wasa wuƙa wata shida kafin ya bar ta ta taɓa ice. Ba ta tafi ba. Da ta buɗe nata shagon, shi da kansa ya turo mata masu saye na farko, ya kuma musanta.

A wani gidan adana kayan tarihi akwai wata tsohuwar sarewa, aikin wani masassaƙin Amsterdam. Kanta a tsage yake, an kuma hana busa ta tun kafin a haifi duk wanda ke raye yau. Masassaƙa da dama sun auna ta sun kwaikwaye ta daidai da yadda suka same ta, abin ya fito da karkatacciyar murya, har aka fara cewa ƙila tsohon bai gwanance ba. Jorien ma ta je ta auna, da safar hannu, ma'aikaci na tsaye a kanta. Ta dawo ta ce ice ba ya daina motsi don an sare shi. Ramin ciki da aka rarake a zagaye ya tsuke da shekaru, ya koma siffar ƙwai. Wanda ya kwaikwayi abin da ya gani yau, tsufan sarewar ya kwaikwaya, ba sarewar ba. Dole a yi lissafi da baya, a gano yadda take ranar da ta bar hannun mai ita.

A nan ne kawai sana'arta da ta ubanta suka haɗu. Shi ya zauna da ita suka lissafa yadda buksus ke tsukewa a tsaye da kuma a kwance. Kowane zato yana buƙatar sabon ƙarfen rarake ciki, ita ke ƙera shi da hannunta, kowane ƙarfe kuma sabuwar sarewa. Wadda ta ƙi, sai ta jefa ta cikin kwandon da ke ƙarƙashin tebur. Kwandon ya kusa cika kafin wannan Juma'a.

Vonk ya zo jana'iza yana jan ƙaramar tukunyar iska a kan taya, da bututu a hanci. Ƙurar katako ta shekaru sittin ta cinye masa huhu. Bai yi wa kowa dogon jawabi ba. Bayan 'yan kwanaki ya aiko cewa yana so a buɗe masa shagon.

Ya warware ƙyallen, ya jujjuya gaɓoɓin a hannu, ya leƙa ciki ta wajen haske.

"Ta busa ta?"

"Sau ɗaya," in ji Harmen.

"To ta tashe ta ke nan. Kuma ba ta buga hatimi ba." Ya nuna wurin da sunan mai sassaƙa ke zama, fili ne fayau. "Ba ta bugawa sai ta yi gyaran murya na ƙarshe, bayan ice ya saba da numfashi. Ni na koya mata. Yadda take ɗin nan, Injiniya, ba ta kowa ba ce."

Ya yi masa bayani a gajarce, yana tsayawa yana jan iska. In aka bar ta a ƙyalle har Teun ya dawo, ba zai sami lokacin bin ta a hankali ba. Ko dai ya matsa mata ta tsage, ko ya hau dandali da wata sarewar. In kuwa ba a ji ta ba, maganar Jorien za ta tsaya a matsayin zato, shekarunta takwas kuma su bi sauran cikin kwando. Ana buƙatar wanda zai busa ta kullum.

"Sai mu nemi mabushi a gari," in ji Harmen.

"Mabushi? Ka ba mabushi sarewa mai daɗi ka ce ya tsaya in yashi ya ƙare? Na san su sarai. Sai ya ce bari in ƙarasa wannan layin, gobe ka tarar da ita gida biyu. Wanda ake so shi ne wanda ba zai ji daɗinta ba." Ya dube shi ta saman tabarau. "An ce min ba ka da kunne."

"Haka ake faɗa a gidana."

"Madalla. Cire kwat ɗinka."

Haka Harmen Eggink, mai shekara saba'in da ɗaya, wanda bai taɓa fita ba tare da ɗaurin wuya ba, ya koyi cusa kan sarewa a hammata. Vonk ya nuna masa inda yatsu ke zama da yadda ake sakin numfashi, ba hurawa kamar mai kashe kyandir ba, a hankali kamar mai ɗumama hannu. Sauti uku ya iya da farko, daga baya biyar, duk na ƙasa. Kowace safiya ya tsallaka kogi, ya buɗe shago, ya wanke hannu a famfo, ya ɗumama, ya juya yashi, ya busa. In yashi ya ƙare ya tsaya. Ya raba gaɓoɓin, ya goge cikinsu, ya jingina su inda rana ba ta kaiwa. Matar gidan burodi da ke maƙwabtaka ta tare shi wata rana ta tambaye shi ko mujiya ce ta maƙale a bututun hayaƙi. Ya ce a'a, shi ne.

Dineke ba ta sake taka lungun ba. Ba ta tambayarsa yadda aiki ke tafiya. Amma in ya yi jinkirin fita, sai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Jirgi zai bar ka."

Mako na huɗu, ranar Juma'a, ana yayyafi, ya biya ta kasuwa. Sai da ya isa ƙofar shago ya ga kifi biyu ne a hannunsa. Ya ajiye su a waje bisa taga. Ya shiga ya yi duk abin da ya saba, ya juya yashi, ya rufe ramukan duka, ya saki numfashi. A ranar ne ya ji. Mutum a ɗakin da ke kusa, bakinsa a rufe, yana rera waƙa. Ya sake busawa don ya tabbatar, ya sake, ya sake. Bai dubi yashi ba. Lokacin da hankalinsa ya dawo, yayyafi ya daɗe da ɗaukewa, sautin kuma ya dushe kamar muryar mai mura. Ya ƙara busawa sau ɗaya, ta shaƙe gaba ɗaya.

Ya kira Vonk a waya ya faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru, bai rage ba bai ƙara ba. Tsohon ya zo a tasi.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Ashe kana da kunne. Asara." Ya kunna 'yar tocila ya bi cikin gaɓar kan, ya bi bayanta da farce. "Ban ga tsaga ba tukuna, amma ba a ranar take nuna kanta ba. Kada ka kai ta kusa da wuta, kada ka buɗe taga, kada ka taɓa ta. Je ka gida ka dami matarka."

Suka bar ta ta bushe da kanta. Harmen ya ci gaba da tsallakowa kowace safiya, ya tsaya ya dube ta, ya kulle ya koma. Da mako ya zagayo Vonk ya sake dubawa. Babu tsaga. Ya ce icen ya sha shekarunsa kafin a taɓa shi, ya kuma sha mai yadda ya kamata, yarinyar ba ta taɓa gaggawa a wannan ba. Amma muryar ba ta dawo ba. A cikin bakin sarewa akwai matoshi na icen al'ul, shi ke tsara siririyar hanyar da iska ke bi. Ya kumbura ya ɗaga, bai koma ba.

"Da ma zai ɗaga," in ji Vonk. "Da gangan ta bar shi da tudu, don ana iya ragewa, ba a iya ƙarawa. Da tana nan ita za ta kankare shi a ƙarshe. Kai dai ka kawo ranar da wuri."

"To ka kankare."

"Ban taɓa sa wuƙa a muryar sarewar wani ba. Hannun nan ya san yadda zai ba ta murya irin tawa. Irin tata fa? Ban ji ta ba. Kai ka ji, amma in na tambaye ka za ka ce min ka ji sarewa."

Harmen ya ce, "Akwai wadda ta ji."

Ya gaya wa Dineke suna cin abincin yamma. Ta ajiye cokali.

"Ba zan iya shiga wurin nan ba, Harmen. Rigar aikinta na nan rataye a ƙusa."

"Sai in cire ta kafin ki zo."

"Kada ka kuskura ka taɓa ta."

Ba su ƙara magana a kai ba. Da safe ya sauko ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta riga shi sa kwat.

A shagon ba ta dubi ƙusar ba. Ta ja kujera ta zauna ta juya musu baya, ta rufe ido. Vonk ya sa siririyar sanda ya bugo matoshin waje, ya ɗora shi a kan fata, ya bi samansa da makankari sau ɗaya. Abin da ya fita bai kai garin da ke maƙalewa a yatsa ba. Ya mayar, ya miƙa wa Harmen. Harmen ya ɗumama ya busa.

"Ba ita ba ce," in ji Dineke.

Aka sake fitarwa, aka sake kankarewa.

"Ba ita ba ce. Ta ɗan buɗe, amma har yanzu kamar an toshe mata hanci."

"Mevrouw Eggink," in ji Vonk, yana kiranta da laƙabin girmamawa, "ki sani fa abin da na kankare ba ya sake tsirowa."

"To ka bi a hankali, Meneer Vonk. Ba gemunka kake askewa ba."

"Da gemuna ne da tuni na gama."

"Da gani ai."

Suna yi suna hutawa, don kada danshi ya sake taruwa. Matar gidan burodi ta kawo kofi, ta ga fuskokinsu, ta ajiye ta fita a kan yatsun ƙafa. Can wajen azahar Harmen ya busa, Dineke ta ɗago kai. Ya sake busawa. Vonk ya karkata kai ya miƙo hannu, makankari na ɗaya hannun.

"Saura kaɗan. Akwai wata iska a bayan sautin, bari in ɗauke ta."

"Ajiye wuƙar nan," in ji Dineke. Ta juyo, idonta a jiƙe, muryarta kuwa ko rawa ba ta yi. "Iskar nan tata ce. Ita ta nema, da bakinta ta faɗa min. Ka bar ta."

Vonk ya dube ta, ya dubi sarewar. A tasa koyarwar, wannan iska aibi ce, ya kori ɗalibai a kan abin da bai kai ta ba. Ya ajiye makankarin a kan tebur, ya ture shi nesa da hannunsa.

"Kullum sai ta yi min gardama," in ji shi.

Daga ranar Harmen ya koma kan yashi, Dineke kuma ke juya masa, don ta ce ba a sake yarda da shi. Teun ya dawo a tsakiyar Agusta, daga filin jirgi bai biya gida ba. Ya rungume su, ya wanke hannu ba a ce masa ba, ya ɗumama, ya busa daga ƙasa ya hau sama ya sauko. Ya cire ta daga baki yana dariya, hawaye na zuba.

"Wa ya raine ta?"

"Ni ne," in ji Harmen.

"Meneer Eggink, ƙasan nan a buɗe yake kamar ƙofar coci ranar Lahadi. Sama kuwa barci take, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa mata."

"Iyakar inda yatsuna suka kai ke nan."

"Bar min saman. Wannan aikina ne."

Kafin ya tafi da ita suka ɗauko hatimin daga aljihun tebur, ɗan ƙarfe mai haruffan sunanta biyu da hoton ƙaramin jirgin fito. Vonk ya saita shi, Dineke ta riƙe gaɓar da hannu biyu, Harmen ya danna. Ya fito sarai, ya ɗan karkata hagu. Vonk ya ce nata ma duk haka suke karkata.

A Utrecht, a wata tsohuwar coci, da rana tsaka, wuri ya cika har ana tsaye a jikin bango. A layin gaba akwai masassaƙa da suka zo daga ƙasashe daban-daban, da yawansu sun harɗe hannu a ƙirji. Teun ya fito da kan sarewa a hammata. Harmen ya ji nasa hannun ya matse jikinsa da kansa. Teun ya faɗi sunan Jorien, ya faɗi wace sarewa ta kwaikwaya, bai ƙara komai ba.

Ya fara da waƙa mai tafiya a hankali. Bai matsa ba, amma sautin ya tafi har layin ƙarshe ya dawo. Wuraren da sauran kwaikwayon suka saba karkacewa, nan ta bi ta wuce a miƙe. Ya hau sama, saman ya farka, ya sauko ya zauna a kan sautin nan na ƙasa ya riƙe shi, siririyar iskar na tallafe da shi, har ya ƙare da kansa. Sannan mutane suka miƙe, benci na ƙara, ana tafi ana buga ƙafa a dutse. Sau uku suka dawo da shi.

Da aka tashi masassaƙan suka yi layi, kowa da 'yar tocilarsa, suna leƙa cikin sarewar ɗaya bayan ɗaya. Wani mai furfura, wanda shi ma ya taɓa kwaikwayon tsohuwar, ya daɗe yana dubawa, ya miƙa wa na bayansa, ya ce wa Vonk, "Ashe tsohon nan na Amsterdam ya iya."

"Ya iya," in ji Vonk. "Ita ma ta iya."

Dineke ta riƙe hannun mijinta suna saukowa daga matakala. "To, yaya ka ji?"

"Na ji sarewa," in ji shi.

Ta yi dariya, karo na farko tun watan Yuni, har sai da ta jingina da bango.

Da kaka ta shigo suka kwashe shagon. Sarewar tana hannun Teun, ta riga ta je ƙasashe huɗu, yana aiko musu da hoton kowane zaure. Ƙarafan rarakewa da awon da aka yi su a kai suka tafi wurin wata masassaƙiya a Gent, wadda Vonk ya ce ita kaɗai ce ba za ta yi musu gyaran da ba a tambaye ta ba. Injin juya katako ya tafi makarantar koyon sana'a. Guntayen buksus da Jorien ta jera a saman rufi, bakunansu a toshe da kakin zuma, wasu sai nan da shekara goma za su isa taɓawa, aka raba wa masassaƙa uku, aka ja musu kunne kada su yi gaggawa. Keken Jorien ya tafi wurin matar gidan burodi. Kwandon waɗanda suka ƙi, Vonk ya ɗauka, ya ce zai riƙa nuna wa duk wanda ya zo masa da maganar sa'a.

Hatimin, Vonk ya sa magagari ya goge fuskarsa har ta yi sumul, kamar yadda ya ce a yi wa nasa in lokaci ya yi, don kada sunanta ya hau kan aikin da ba nata ba. Harmen ya sa ƙarfen a aljihun kwat ɗinsa, yana nan har yau. Rigar aikin, Dineke ce ta sauke ta daga ƙusa da hannunta, ba ta wanke ba. Agogon yashi kuwa ya koma kicin, kan kantar da aka ɗauke shi, kusa da tukunyar ƙwai.